Kabewar Gindin Danga

Shekarar da na gama ginin gidana a gefen Bodinga ita ce shekarar da na je Mandera na ɗauko mahaifiyata. Na ce na ɗauko ta ne don bakina ya yi daɗi, amma gaskiyar magana sai da na yi wata da watanni ina roƙo kafin ta yarda ta shiga mota. Mahaifinmu ya rasu, ƙannena mata kowace tana ɗakin mijinta, Inna kaɗai ta rage a gida, ita da zabinta. Ranar da za mu taso ta ɗaure kayanta a ƙunshi guda, ta kife turminta a tsakar gida, duk wanda ya zo sallama ta ce masa ganin gida za ta je, da kaka tana nan dawowa. Lokacin ana tsakiyar bazara, ke nan wata biyar ko shida gare ni in sa ta sake shawara.

Na ɗauka aikin mai sauƙi ne. Ɗakin da na ware mata ya fi nawa iska, ga fanka, ga katifa sabuwa. Matata kuwa ta hana ta taɓa ko tsinke, da ta miƙa hannu ga tsintsiya sai a ce Inna ki huta. Niƙa a kai inji, ruwa a kawo a kura. Sai Inna ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki ta zauna tana kallon bango tun hantsi har la'asar. Ba ta taɓa cewa an yi mata ba daidai ba, amma ƙunshin nan yana nan a ɗaure a ƙarshen gado, zane ɗaya take zarowa ta mayar da ƙullin. Kullum na leƙa gaishe ta sai idona ya faɗa kan ƙullin nan.

Matata ce ta kawo shawarar garka, wato 'yar gonar kayan miya a bayan ɗaki. Ta ce tsohuwar da ta yi rayuwarta hannu cikin ƙasa ba fanka take nema ba. Na ji haushin abin bai zo mini ba tun farko, don haka na karɓe shi da hannu biyu kamar ni na ƙirƙiro shi.

Fili dai akwai. Gidana katangar bulo ce ta zagaye shi gefe uku, gefe na huɗu, can baya wajen madafi, ban kai ga rufe shi ba. Ta nan muka yi iyaka da wani gida na masu shanu, mutanen wajen Horo Birni, waɗanda suka zauna a wurin tun ana kiransa daji. Shanun suna can wurin kiwo tare da samarin gidan, abin da ke gida awaki ne, da mai gidan, da iyalinsa, da tsohuwarsa wadda unguwa duka ke ce wa Goggo. Tsakanina da su akwai tsami, kuma ni na jawo shi. Ina cikin gini na dasa mangwaro guda biyu, akuyarsu ta cinye su har ƙasa. Na kama ta na ɗaure a gindin dalbejiya, da mai gidan ya zo karɓa na karanta masa dogon karatu a kan iyaka da haƙƙin maƙwabci, da murya irin wadda nake yi wa 'yan aji. Bai ce mini komai ba sai "Allah shi ba da haƙuri, Malam," ya ja akuyarsa. Tun daga ranar gaisuwarmu ta koma ta ɗaga hannu daga nesa. Da Inna ta zo, sun aiko surukar gidan ta yi mata sannu da zuwa, ta gaishe ta daga tsaye ta juya. Goggo ba ta tako ba.

To, da maganar garka ta tashi, abin da ya fara zuwa mini shi ne a rufe wannan gefe da bulo, tsawonsa ɗaya da sauran, gida ya fito tsaf yadda na zana shi. Har na sa an buga bulo an jibge. Matata ta ce a'a, katanga za ta tare iska daga madafi, a sa wayar raga, tana girki tana hango waje. Wani abokin aikina ya ce in samo tsohon langalanga, akuya ba ta cin ƙarfe. Kwana uku muna wannan muhawara a gaban Inna ba wanda ya tambaye ta, alhali don ita ake yin abin. Ran na huɗu ta tashi daga tabarma, ta taka zuwa bakin iyaka, ta ce dangar kara take so, a kafa mata sandunan zogale ɗanye su zama dirkoki, in ruwa ya sauka su tsiro.

Na ce Inna, gidan bulo da dangar kara? Mutane za su ce ƙarfina ya ƙare. Ba ta kalle ni ba, don ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta faɗa. Ta ɗora tafin hannunta a ƙirjinta ta ce:

"Iyakat ta nan. In tah hi haka ba danga ba ta kuma, husuma ta."

A zuciyata na ce za mu gani ranar da awaki suka gane an kafa musu abinci a tsaye.

Da na sha kaye a kan shinge sai na ce bari in rama a kan tsari. Ni malamin makaranta ne, kuma ina da wata cuta ta son layi miƙaƙƙe. Ranar Asabar na fito da igiya da turaku da abin awo, na raba filin fangali takwas, kowane daidai da ɗan'uwansa, da hanya a tsakiya wadda ta dubi ƙofar madafi sak. Har takarda na zana, na rubuta inda tumatir zai zauna da inda albasa za ta zauna. Na yi gumi, na tsaya na riƙe ƙugu ina jiran yabo.

Inna ta zo da bokiti cike da ruwa. Ta je wurin da muke alwala, gefen randa, ta tuttular da shi, ta tsaya tana kallo. Ruwan ya gangara, ya ratsa fangalina na farko ta kusurwa, ya yi kwana, ya bi ta ƙarƙashin igiyata ko sallama babu, ya je ya kwanta a wani lungu da ni na ware don hanya.

"Kai wanga," ta ce, "wa yac ce maka ruwa na bin igiya?"

Matata ta shige madafi da sauri, ina jin dariyarta tana fita ta taga.

Haka aka tumɓuke turakuna. Inna ta bi sawun ruwan nan da 'yar fartanya ta fitar da fangali masu lanƙwasa, wani dogo wani gajere, ba guda biyu da suka yi kama. Inda ruwan alwala ke kwanciya ta sa alayyahu da lalo, masu son danshi. Ruwan wanki da na wanka ta sa na yi masa rariya dabam zuwa gindin dalbejiya, ta ce sabulu ba ya shiga miyarta. Abin da ake tsinka tukunya na kan wuta, irin su tattasai da albasa mai lawashi, ta sa su dab da ƙofar madafi, taku uku ka kai. Kuɓewa da rama da yakuwa ta tura su baya saboda suna tsawo, kada su yi wa ƙanana inuwa. Barkono ta kai shi lungun da ba a bi. Na ce mata ai ba ta auna komai ba, ta ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Na ninke takardata na sa a aljihu.

Karan dawa kuwa daga Mandera aka kawo shi, dami shida a bayan a-kori-kura, don ta ce na nan gari sirara ne. Ita ta nuna yadda za a jera shi, a ɗaure da igiyar rama hawa biyu. Da aka gama ta tsaya a jikinsa, ya zo mata daidai ƙirji. Ni kuma abin da na yi tsammani ya faru tun kafin sati ya zagayo, na fito na tarar da awaki uku a tsaye a kan ƙafafun baya suna zarar ganyen kara. Jinina ya hau, na nufi takalmi. Inna ta ce in zauna. Ta sa aka tsinto mata kashin awakin a bakin hanya, ta jiƙa shi a tsohuwar ƙwarya ya kwana biyu, ta yi tsintsiya ta yayyafa wa dangar ta waje. Akuya ba ta cin abin da ke warin kashinta. Suka zo suka sunsuna, suka yi atishawa, suka tafi. Mu ma dai kwana biyu ba mu ci abinci a tsakar gida ba.

Ruwa ya sauka, garka ta yi kore, sandunan zogale suka fitar da toho kamar yadda ta ce. Inna ta daina kallon bango. Tun da safe tana can a duƙe, tana cira tana yi wa tsirrai faɗa. Na ji daɗi ƙwarai, na fara taka ƙasa da ƙarfi. Amma da na leƙa ɗakinta ƙullin nan yana nan yadda yake. Kuma na lura in ta gaji takan miƙe ta dafa dangar, ta ɗan dubi gidan maƙwabta. Goggo tana can ƙarƙashin rumfa tana kaɗa nono, ita ma takan ɗago. Sai kowace ta ce sannu, ɗayar ta ce yauwa sannu, shi ke nan. Inna tana ganin ita baƙuwa ce, ba ta kai kanta inda ba a kira ta ba. Goggo kuma ga fulako, ga abin da na yi wa ɗanta.

Akwai abu ɗaya da Inna ta shuka wanda bai shiga hankalina ba. Kabewa ce, rami uku, a gindin danga sosai, alhali ga fili a tsakiya. Da ta fara yaɗo sai ta kama kara ta hau, ta kai bisa, ta sunkuyar da kai ta wancan gefe. Na gan ta wata safiya na dawo daga masallaci. Ni da na ɗaure akuyar mutane don ta tsallako mini iyaka, ni da na yi wa magidanci wa'azi a kan haƙƙin maƙwabci, yau kabewata ce za ta shiga musu gida? Ai sai su samu abin faɗi. Na lallaɓa na warware 'yan zaren da take kamu da su, na juyo da kanta cikin garka, na kwantar da ita a ƙasa. Na ji kaina mutum mai adalci.

Kabewa ba ta da zuciya. Bayan kwana biyu ta sake hawa, na sake maido ta. Haka muka yi ta yi da ita kusan sati uku, kullum da sassafe kafin Inna ta gama lazimi. Wani lokaci ina cikin yi sai in hangi Goggo ta fito da ƙwarya, ta tsaya ta dube ni, ta kau da kai. Ni a wautata na ɗauka tana yaba mini ne. Na ma lura sannun da suke yi da Inna ta ragu, ban haɗa biyu da biyu ba. Inna kuwa sai ta yi ta mita a kan iskar Bodinga, wai ba ta barin yaɗo ya zauna inda aka sa shi.

Ranar da asirina ya tonu, ina duƙe da yaɗo a hannu na ji tari a bayana. Na waiwaya, ga Inna da carbi.

"Ashe kai na," ta ce. "Ni ina ta zargin iska."

Na fara bayani, da hujjoji a jere, na ɗaya, na biyu. Ta bari na kai na uku sannan ta katse ni.

"Mandera, kabewad da tat tsallake danga ba taka ba ta, ta maƙwabci ta. Don haka nis shibka ta nan. Ni ba ni iya zuwa gidan da ɗiyana yaɓ ɓata, shi ya sa nit tura ta ta yi min sallama. Sati ukku ina aiken ta kana maido ta, tsohuwag ga tana kallo. Mi kaka so ta ce? Ta ce mutanen gidan ga ko ganyen kabewa ba su iya bar ma wani."

Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na tashi a Mandera, na sha miyar kabewar da ta tsallako mana daga gidan baffana ba sau ɗaya ba, amma ban taɓa tambayar yadda aka yi ta zo ba. Yaro ci kawai ya sani. Na zo birni na koyi iyaka da awo, na mance da wannan. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ni da nake neman abin da zai zaunar da ita, ni ne nake tashi da asuba ina warware shi da hannuna.

Na ce to bari in mayar. Ta ce ba yanzu ba. Sai da hantsi ya yi, Goggo ta fito rumfa ta zauna da ƙwaryarta, surukarta na shara, mai gidan na kwance awaki, sannan Inna ta ce bisimilla. Na ɗauki yaɗon nan guda uku, ina sanye da rigar zuwa aiki, na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya na tsallakar da su danga, na sauke su a hankali cikin gidan mutane. Kowa ya bar abin da yake yi yana kallona. Sai na ji bakina ya ce, "Goggo, ina kwana? Ga baƙuwa nan, a yi haƙuri ta yi latti."

Goggo ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa. Da ta samu numfashi ta ce, "Lahiya lau, Malam. Mun ga tana ta so ta zo, munka ce ko ba a ba ta izni ba."

Mai gidan ya juya baya yana gyara igiyar da ba ta lalace ba.

Abin da ya biyo baya ban yi tsammaninsa ba. Kabewa ta sauka gidansu ta bazu, ta yi fure, ta fara 'ya'ya. Yanzu ta zama tasu, kuma awakinsu ne abokan gabarta. Mutumin da na yi wa wa'azi a banza, shi da kansa ya saro ƙaya ya kewaye gindin dangar ta gefensu, ya koma ɗaure awaki tun safe har a kai su kiwo. Abin da faɗana bai yi ba, rami uku na kabewa suka yi. Har na yi tunanin sake dasa mangwaro, na kuma dasa, suna nan.

Daga nan danga ta zama kasuwa. Yakuwa ta tsallaka, nono ya tsallako. Kuɓewa ta tafi, man shanu ya dawo a ɗan kwano da ganye a rufe. Takin shanun da Inna ke ta so tana jin nauyin tambaya, sai ga shi kwando kwando. Sai a lokacin na gane abin da ta auna da ƙirjinta ranar farko: tsawon da akuya ba ta haurawa, amma ƙwarya tana wucewa hannu da hannu ba tare da nono ya zube ba. Da na yi katangata, ko wayar ragar nan ta matata da ba ta da inda za a miƙa kwano, da babu ko ɗaya daga cikin wannan. Goggo dai gajeriya ce, dangar ta zo mata wuya, sai Inna ta sa na ɗauki bulo guda daga cikin waɗanda na buga don katanga na miƙa mata ta riƙa takawa. Shi ne bulo na farko da ya yi aiki a wannan gefe, kuma har yau shi ne na ƙarshe.

Tsofaffin nan biyu in suka dafa danga bayan la'asar, sai kiran magariba ke raba su. Hirar mutanen ƙasar Shagari, inda Mandera da Horo Birni suke, wa ya haifi wa, wace shekara aka yi fari, wane ganye ke maganin ciwon gwiwa. Sau da yawa in na gifta sai su yi shiru, in na wuce su fashe da dariya. Na san da wa ake.

Amma kaka ta zo. Aka fara yankan gero. Goggo ta yanke kabewar farko, ƙatuwa, ta yi taushe ta miƙo mana kwano ta saman danga, muka ci har da siɗe hannu, ni kuwa ina ci ina lissafin kwanaki. Ba na so in tambaya, don kada tambayar ta zama tuni. Sai ga saƙo daga Mandera, ƙanin mahaifina yana cewa an gama girbi, ɗakinta an share, yaushe za a zo da ita? Matata ta ce in faɗa mata, ba a ɓoye wa babba saƙo. Na kwana biyu ina juya shi a baki.

Na same ta a garka da safe tana tsinke busasshiyar kuɓewa ta iri tana zubawa a gefen zane. Na tsuguna na gaishe ta, na isar da saƙon, na ƙara da cewa in tana so ranar Asabar sai in nemi mota. Ta ci gaba da tsinka kamar ba ta ji ba. Can ta ce zogalen nan yana son a sare kansa kafin rani, kuma albasa lokacin dashenta ya yi, kuma Goggo ta ce baɗi ita za ta shuka duman ƙwarya ta turo mana. Ta ce duk wannan ba ta barin shi a hannun mai auna ruwa da igiya. Sannan ta ƙulle bakin zanenta ta ce:

"Ka nemi motar. Ka tai ka gaishe su, ka raba zabin nan ma ƙannenka. Ka ɗauko min turmina da taɓarya. Na gidan ga ba shi da murya."

Na ce to, Inna. Na tashi na shiga bayan kuɓewa kamar mai duba wani abu, na share idona da hannun riga. Farin ciki ne, irin wanda ban taɓa yi ba ko ranar da na tare a gidan.

Ranar Asabar na je Mandera na tarar da turmin a kife inda ta bar shi, gara ta ɗan taɓa bakinsa. Na riƙe shi tsakanin gwiwoyina tun daga can har Bodinga kada ya gangara. Da na shiga da shi ɗakinta don ta gani, na dubi ƙarshen gado, babu ƙunshi. Zannuwanta suna ninke a cikin kwabar ajiye kaya, mayafin da take ɗaure su da shi kuma yana shanye a kan danga.